Kwarko: Ƙayar Bakin Kwata Mai Ɗauke Da Magani Da Guba

Daga watan Janairu zuwa tsakiyar bazara, lokacin da ciyawar Sakkwato ta bushe ƙurmus, akwai tsiro guda da yake tsaye shar a Runjin Sambo. Yana nan a bakin kwata, da gindin katangar kangayen da ba a ƙarasa ginawa ba, da gefen juji, da duk inda ruwan wanke-wanke ke malalowa daga gidaje. Wanda ya bar shatale-talen Dandima ya kama hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai ci gaba da ganinsa har fadamar Kwalkwalawa, inda ya yi dandazo a gaɓar gulbin Rima. Ganyensa ƙaya, karansa ƙaya, kwansonsa ƙaya, sai fure rawaya mai ɗaukar ido a samansa. Awakin unguwa, waɗanda yunwar rani ke sa su cin kwali da takarda, sukan sunsuna shi su wuce.

Sunansa kwarko. A bakin wasu ƙanƙamarka-ta-bi-ka ne, wasu kuma su ce haƙorin kada. Masana tsirrai suna kiransa Argemone mexicana. Ga mafi yawan mazauna birni, ƙaya ce kawai da ake tsallakewa. Amma a birnin Delhi na Indiya, man da aka tatsa daga irinsa ya kwantar da dubban mutane a 1998, ya yi ajalin fiye da 60. A Mali kuwa likitoci sun gwada dafaffen ganyensa a kan masu zazzaɓin cizon sauro, suka sami sakamakon da masana suka tsaya suka saurara. Irinsa yana kisa, ganyensa yana da alamar amfani, kuma yana fitowa a inda yaranmu ke wasa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da za mu san shi ciki da bai.

Yadda za a gane shi

Kwarko tsiron shekara ɗaya ne: ya fito, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu. Da farko ganyensa kan shimfiɗu a ƙasa a zagaye, daga baya kara ya miƙe ya kai gwiwa, wani lokaci har ƙugu in ya sami laima da taki. Launin ganyen kore ne mai toka-toka, da farin zane a kan jijiyoyinsa. Bakinsa a tsattsage yake, kowane tsagi ya ƙare da tsinin ƙaya. Ganyen ba shi da mariƙi, rungumar karan yake yi kai tsaye.

Babbar shaidarsa tana ciki. Karya reshe guda, nan take za ka ga ruwa rawaya mai kauri ya tsattsafo a bakin karayar, ya taru ɗigo-ɗigo, ya rina maka yatsa. Furen bai kai faɗin tafin hannun yaro ba, ganyayyakinsa huɗu zuwa shida ne, marasa kauri, da ɗan jan tabo a tsakiya. In ya kaɗe sai kwanso mai ƙaya ya biyo baya, tsawon gaɓar babban yatsa. Da ya bushe yakan tsage ta sama, kuma ko iska ce ta kaɗa shi za ka ji irin yana kacau-kacau a ciki. Irin ƙanana ne, baƙaƙe, dunƙulallu, fatarsu cike da 'yan ramuka.

Ƙasar Hausa ba ta rasa ƙayoyi ba, kuma kowace da halinta. Ƙarangiya tufa take maƙalewa, tsidau tafin ƙafa da tayar keke yake hudawa, kashin yawo gashin dabba yake bi. Dayi, wanda raƙuma ke ci, furensa a cikin ƙullin ƙaya yake. Wanda aka fi iya rikitawa da kwarko tun suna ƙanana shi ne namijin dayi, domin shi ma ganyensa tsattsage ne a shimfiɗe a ƙasa, furensa kuma rawaya. Sai dai namijin dayi ba shi da ƙaya mai huda, nononsa fari ne, irinsa kuma yana da farin gashi da iska ke ɗauka. Yarbawa suna miya da shi, suna ce masa yanrin, ana kuma cinsa a Jamhuriyar Benin da Togo da Gana. Mai neman ganye ya riƙe wannan: duk wanda ruwansa rawaya ne, jikinsa ƙaya, kwarko ne, kuma ba ya shiga tukunyar miya.

Baƙo daga Meziko

Kwarko ba ɗan ƙasa ba ne. Asalinsa Meziko da tsibiran Karibiyan, inda mutanen Aztek ke magani da shi tun kafin Sifaniyawa su isa. Bayan jiragen ruwa sun haɗa nahiyar Amurka da sauran duniya a ƙarni na 16, ya bi hatsi da kaya ya bazu cikin ƙasashe masu zafi, daga Indiya zuwa Afirka har Ostireliya. Masanin nan ɗan Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya ba shi sunan kimiyya a 1753.

Zuwansa ƙasar Hausa ma ya daɗe. Dakta J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a farkon mulkin Turawa, ya sa shi cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda aka buga a 1916, kuma tun a lokacin yana da suna fiye da ɗaya a bakin mutane. Nahiya guda ya fito da masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir. Su an kawo su an shuka, shi kuwa biyowa ya yi ba da gayyata ba, ya kuma zauna daram.

A cikin fangalin albasa

Abin da ya ba shi gindin zama a Sakkwato shi ne lokacin fitowarsa. Damina a nan gajeruwa ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma yawancin ciyayi da ita suke tashi, da ita suke mutuwa. Kwarko yakan jira sai ruwa ya janye, sanyin hunturu ya shigo, sannan ya tsiro a ƙasa mai sauran laima. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da masu lambu ke dashen albasa da tumatir da tattasai, suna shuka alkama a fadamun Rima, daga Goronyo da Wurno har Kwalkwalawa da Wamakko. Ruwan da inji ya ɗebo wa albasa, da takin da aka saya da tsada aka zuba mata, duk kwarko yana da rabo a ciki.

Albasa shuka ce mai gajeruwar saiwa da siririn ganye, ba ta iya kokawa da ciyawa mai faɗi. Shi kuwa saiwarsa doguwa ce mai nitsewa, ganyensa yana rufe ƙasa. In an same shi yana ganye huɗu ko biyar, sara ɗaya na hauya ya ishe shi. In aka bari ya yi kara, mai cira sai ya naɗe hannu da tsumma, ya kama gindin can ƙasa, ya ja a hankali don kada ya tumɓuko da albasar da ke gefe. Yaran da ake sawa cira sun fi kowa sanin zafinsa, domin ƙayar sirirya ce, takan karye a cikin fata, a dawo gida da dare ana tono da allura.

Yawan irinsa shi ne abin tsoro. Kwanso guda kan ɗauki iri 300 zuwa 400, kuma tushe mai ƙarfi yana iya yin kwanso 60 zuwa 90. Ke nan tushe ɗaya da aka bari a bakin fangali zai iya zubar da iri kusan 20,000 ko fiye. Ba duka ke fitowa a shekara ɗaya ba, wasu sukan kwanta cikin ƙasa suna jiran wata shekarar. Ambaliyar gulbi tana ɗaukar su daga gonar wanda ya yi sakaci ta kai gonar wanda ya yi ƙoƙari. Yashi da ƙasar ciko da tifofi ke kwasowa daga bakin gulbi zuwa wuraren gini su ma suna iya shigo da shi cikin gari. Shi ya sa cirar mutum ɗaya ba ta maganinsa, sai maƙwabta sun tashi tare.

Gubar da ke cikin irin

Irin kwarko yana da mai sosai, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. A cikin man akwai sinadarin sangwinarin, wanda ke lalata bangon ƙananan jijiyoyin jini har ruwa ya riƙa yoyo daga cikinsu zuwa tsokar jiki. Wanda ya yi kwanaki yana cin man yakan fara da amai da gudawa, sai ƙafafu biyu su kumbura, fata ta yi ja tana zafi, numfashi ya yi wuya. Wasu hawan jinin ido ya kama su har ya kai ga makanta, wasu zuciya ta kasa. Gubar ba ta da makari. Iyakar abin da likita zai yi shi ne ya hana ci gaba da cin man, ya tallafi zuciya da sauran jiki har ta fita.

A arewacin Indiya da man mastad ake girki, kuma irin mastad da na kwarko da wuya ido ya bambanta su. Tun 1877 aka fara ba da labarin annobar kumburin ƙafa a Kalkata, aka yi shekaru masu yawa kafin a gano cewa daga man girki take. Mafi muni a zamaninmu ita ce ta Delhi, a watannin Agusta da Satumba na 1998. Fiye da mutum 3,000 suka kwanta, har hukuma ta dakatar da sayar da man mastad na wani lokaci. A Afirka ta Kudu an taɓa samun irin wannan ciwo ta garin alkamar da irin ya shiga, an kuma same shi a Adis Ababa a 2008 ta man girki.

Mu a nan da man gyaɗa da manja muke girki, saboda haka ta inda cutar ta shigar wa Indiyawa ba ta nan za ta shigo mana ba. Namu hanyoyin ƙanana ne, amma suna nan. Ta farko alkama ce. Ana girbinta wajen watan Maris, daidai lokacin da kwanson kwarko ke bushewa, kuma in aka haɗa su a dami ɗaya aka sussuke, irin ya shiga hatsi. Sa'ar da aka yi ita ce ya fi ƙwayar alkama ƙanƙanta nesa ba kusa ba, rariya da bakace suna fitar da shi in an yi su da kula. Ta biyu ita ce abin da aka tankaɗe ɗin, wanda yawanci kaji ake watsa wa, alhali an san irin kwarko yana rage wa kaza ƙwai, ya kumbura ta, ya kashe ta. Ta uku ita ce ciyawar da ake yankowa daga fadama don dabbobin turke. Tunkiyar da ta ƙi kwarko a tsaye tana iya cinsa a bushe cikin harawa.

Ta huɗu ta fi sauran ciwo, domin da hannunmu muke yinta. A ƙasashe da dama akwai al'adar haɗiye irin don wankin ciki, da ɗiga ruwan rawayan nan a idon da ya yi ja. Likitocin ido sun daɗe suna hani da ɗiga ruwan kowane tsiro a ido, saboda yana iya ƙona fatar idon, ya shigar da ƙwayoyin cuta. Apolon da zai warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu sai ya koma gyambon da zai bar wa yaro fari a ido har tsufansa.

Abin da aka gano a Mali

Duk da haka, rashin adalci ne a kira kwarko guba a yi shiru. Masu maganin gargajiya a Afirka ta Yamma sun daɗe suna dafa ganyensa don shawara da zazzaɓi, kuma a Mali an ɗauki maganarsu da daraja aka gwada ta.

Aikin ya fara ne da tambaya. A farkon shekarun 2000, Sashen Maganin Gargajiya na ƙasar da ke Bamako, ƙarƙashin Farfesa Drissa Diallo, tare da masu bincike daga Suwizalan da Ingila, sun bi gidaje kusan dubu a yankunan Sikasso da Bandiagara. Abin da suke so su ji daga bakin iyaye shi ne: da yaro ya yi zazzaɓi, me aka ba shi, kuma yaya ya ƙare. Cikin ɗimbin haɗe-haɗen da aka lissafa musu, wanda ya fi zuwa da labarin warkewa shi ne dafaffen ganyen kwarko. Daga nan suka nufi ƙauyen Missidougou a yankin Sikasso, wurin mai garin, Tiemoko Bengaly, wanda shi ne kuma mai ba da magani. Suka zauna tare da shi suna auna jinin marasa lafiyar da yake dubawa, suna kwatanta yawan ruwan ganyen da kowa ke sha. An buga sakamakon wannan zama a 2007.

Sai babban gwajin, wanda aka buga a 2010. Marasa lafiya 301 masu zazzaɓi marar tsanani aka raba gida biyu da ƙuri'a. Wasu suka sha dafaffen ganye, wasu suka sha haɗin atesunet da amodiyakwin na asibiti, aka bi su har kwana 28. Cikin masu shan ganye, kashi 89 cikin 100 ba su buƙaci a sauya musu magani ba. Cikin masu shan na asibiti kuwa kashi 95 ne. Don girmama mai ilimin, aka sa wa maganin suna Sumafoura Tiemoko Bengaly. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma ganyen ya nuna ba a banza kakanni ke dafa shi ba.

Iyakar abin da binciken ya ce

Amma binciken bai ce kowa ya shiga kango ya tsinko ba. Ganyen ya saukar da ciwo, sai dai a jinin mafi yawan waɗanda suka sha shi ƙwayar cutar ba ta ƙare ba, kuma a nan maganin asibiti ya yi masa nisa. Manya da yaran da suka wuce shekara biyar, waɗanda jikinsu ya saba da cutar, su suka fi amfana. Ganye aka dafa, ba iri ba, da awon da aka tsayar. Likitoci kuma suna gefe, duk wanda jikinsa ya tsananta nan take aka mai da shi kan maganin asibiti. Masu binciken da kansu sun kawo shi ne a matsayin agajin farko ga ƙauyukan da suka yi nisa da asibiti.

Runjin Sambo ba irin wannan ƙauye ba ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na jiha suna cikin gari, ga ƙananan asibitocin unguwa, kuma gwajin jini na yatsa 'yan mintoci yake ɗauka. Nijeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na ƙananan yara, a maƙwabciyarmu Kebbi kuwa kashi 49. A irin wannan ƙasa, jariri mai zafin jiki da mace mai ciki ba abin gwaji ba ne, domin zazzaɓin da ya fara da safe yana iya komawa jijjiga kafin dare. Ga shi kuma kwarkon cikin gari ruwan kwata da juji yake sha, da duk dattin da ke cikinsu.

Aikin da ke jiranmu

Darasin Mali ya wuce kwarko. Darasin yana cikin yadda aka yi aikin: aka saurari mai magani, aka auna, aka faɗi abin da ganyen ya yi da abin da ya kasa, aka kuma ba mai ilimi haƙƙinsa da sunansa. Ta haka manyan magungunan zazzaɓi suka samo asali. Kwinin daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka ya fito. Atemisinin, wanda ke cikin haɗin da asibitocinmu ke bayarwa yau, daga wani ɗan uwan tazargade ne da Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tace, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. A gida ma, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta fitar da Niprisan na masu sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda karan dafi da kanumfari ke ciki.

Sakkwato tana da abin da irin wannan aiki ke buƙata. Jami'ar da aka kafa a 1975 tana da tsangayoyin aikin gona, da haɗa magunguna, da likitancin dabbobi da na mutane. Garin yana da tsofaffin masu magani, da wanzamai, da ungozomomi, da makiyaya, waɗanda iliminsu ke binsu kushewa in ba a rubuta ba. Tambayoyin da manomi da uwargida ke son jin amsarsu a fili suke. Buhu nawa kwarko ke rage wa mai albasa? Irin yana shiga alkamar da ake kaiwa niƙa da dusar da ake sayarwa a kasuwa? Ganyen da ya fito a fadamar Rima ƙarfinsa ɗaya da na Sikasso? Me masu maganinmu ke yi da shi, kuma da wane awo? Duk abin da aka gano, a faɗe shi da Hausa a rediyo da majalisun unguwa, kada ya tsaya a kan kanta a ɗakin karatu.

Kafin nan, akwai abin da ke hannun kowa. Masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa su sa kwarko cikin aikin gayyar share kwata, a cire shi tun Disamba da Janairu kafin ya yi kwanso. Wanda ya riga ya yi kwanso a tara shi a ƙona nesa da gidaje, kada a jefa shi juji ko magudanar ruwa, domin shuka ce aka yi. Mai alkama ya zagaya gonarsa ya tumɓuke shi kafin lauje ya shiga. Uwargida ta tankaɗe ta bakace, baƙin irin da ya fita kada a watsa wa kaji. Kada a haɗiye irinsa, kada a ɗiga ruwansa a idon kowa. Yaron da ya yi zazzaɓi kuwa a kai shi asibiti a ranar, a auna jininsa, a ba shi maganin da aka tabbatar.